Talatar Don Telo

Eleuterio Quintanilla, wanda duk garinmu La Anacua ke kira Don Telo, makahon ɗan jam'iyya ne, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. In ɗan takararsu ya wawuri dukiyar jama'a, sai ya ce sharrin maƙiya ne. In na ɗaya ɓangaren ya gina asibiti, sai ya ce a je a duba bulon. Na taɓa tambayarsa a gaban mutane ko zai zaɓi bunsuru in jam'iyyarsa ta tsayar da shi. Ya ce, "Bunsurun namu ne? To me ake jira?"

Mijin yayata Amparo ne. Na san shi tun ina 'yar shekara goma sha huɗu, lokacin da yake zuwa zance da hularsa a hannu, kuma tun a lokacin ban ga abin da ta gani a jikinsa ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana buɗe wa manoma ruwan rani daga kogi, yana rufewa. Wannan shi ne aikin da ake biyansa. Aikin da ya ɗauka da zuciya ɗaya kuwa shi ne jigilar tsofaffi zuwa rumfar zaɓe. Ya san wadda sai an tuna mata maganin hawan jini kafin ta fito, ya san wanda ba ya shiga mota ɗaya da surukinsa. Ƙuri'a kusan ɗari uku ke bin a-kori-kurarsa. A ƙaramar hukuma irin tamu ta bakin iyakar Texas, wannan ya isa a riƙa gaishe ka da hannu biyu.

Filin gidanmu, mu zuriyar Farías, siriri ne dogo, daga bakin kogi har titin mota. Tun kakan kakanmu ba a taɓa raba shi a takarda ba. Wanda ya mutu, rabonsa ya koma wa 'ya'yansa da baki kawai. Yanzu mun haura magada saba'in, daga nan har Chicago. Maƙabartarmu tana gindin jingar da ke tare ambaliya, ta ɓangaren kogi. Muna da ƙa'ida ɗaya da muka gada: ba a maganar filin nan a ɗaki, ba a yinta a waya. Sai a maƙabarta, bayan an shafe kaburbura da farar ƙasa, kowa a tsaye. Telo ba jininmu ba ne, ba shi da ko taku ɗaya a filin. Amma tun da aka binne Amparo kullum da safe yana can, makullin ƙofa ya koma aljihunsa, ba wanda ya ce ya dawo da shi.

Shekarar da majalisa ta hana shugaban ƙasa kuɗin gina katangar iyaka, sai ya sa hannu a dokar ta-ɓaci, ya ɗebo kuɗin daga wata hanya. Muna shagon kofi muka gani a talabijin. Shugaban ba na jam'iyyar Telo ba ne, don haka bakinsa ya buɗe.

"Wace ta-ɓaci? Jiya na je kogi na kamo tarwaɗa biyu. Ko su ne suka kawo harin?"

Aka yi dariya. Sai ya ƙara da cewa, "Ku bar shi. Ya nuna mana hanya. Bari namu ya hau, da alƙalamin nan zai gyara ƙasar nan cikin mako ɗaya, ba sai ya roƙi kowa ba."

Bayan wata biyu wasiƙu suka fara zuwa, ana neman izinin shiga fili a yi awo. Da yake sunayen da ke rajista na tun da ne, rabin wasiƙun matattu aka aiko wa. Amparo ta samu tata, shekararta shida a ƙasa. Telo ya kawo mini ita don ni na gama sakandare, na kuma yi shekara talatin a kantar gidan waya, duk takardar da ta gagari dangi gidana take kwana.

Wata lauya mai taimakon talakawa ta zo ta yi mana bayani a harabar coci. Katangar a kan jinga za ta hau. Daga gindinta zuwa ƙafa ɗari da hamsin ta ɓangaren kogi za a share komai, a yi hanyar sintiri, a kafa fitilu. Ta ce makami ɗaya muke da shi, jinkiri. In ba wanda ya sa hannu, dole gwamnati ta je kotu ta nemo magada ɗaya bayan ɗaya, abin ya ɗauki watanni. In kuwa magaji ɗaya tak ya ba da izini, washegari masu awo sun shigo.

Da yamma Telo ya ɗauki tsohon tef ɗinsa na awon magudanar ruwa, ya sa na riƙe masa baki a gindin jinga. Ya ja har kan kabarin Amparo. Ƙafa casa'in. Ya sake ja, wai na karkace hannu. Casa'in ɗin dai.

Duk dangi suka yarda ba za su sa hannu ba, ban da Baldomero, ɗan ƙanin mahaifina. Manomin albasa ne, jigo a ɗaya jam'iyyar, mutanen ofishin sanata a gidansa suke cin abinci in sun zo yankinmu. Yana son katangar, ya kuma faɗa a fili. Shekara ashirin da biyu ba sa magana da Telo, tun ranar auren 'yar Baldomero, da Telo ya bi motocin 'yan biki kaf ya manna musu hoton ɗan takararsa, har da motar amarya.

Labari ya iso mana cewa jami'in awo ya je gidan Baldomero, shi kuma ya ce a dawo ranar Litinin. Na kira taro a maƙabarta ranar Asabar.

A mota na ce wa Telo, "Yau ka ɗinke bakinka. Ba filinka ba ne, ba a neman ra'ayinka. Kai dai buɗe ƙofa."

"Mina, ni yaro ne?"

"Da yaro ne da na ji sauƙi. Yaro ana iya ba shi alewa."

Mu ashirin da shida muka zo. Muka yi shara, muka shafa farar ƙasa, rana ta take. A saman jinga motar sintiri na tsaye, injinta na aiki, mutum biyu a ciki suna kallonmu. Baldomero ya zo a makare. Ya wuce kabarin mahaifiyarsa, ya shafe shi shi kaɗai, bai yi sauri ba. Kabarin yana can ƙarshen shinge, ƙafa ɗari da saba'in daga jinga. Telo ya auna shi ma, ya gaya mini.

Da Baldomero ya gama, ya goge hannu a wando, ya zo ya tsaya. Takardar tana aljihun rigarsa a ninke, kowa na ganin bakinta, biro a maƙale kusa da ita.

Na ce, "Primo, ɗan'uwana, ka san abin da ya tara mu."

Ya kira ni da cikakken sunana: "Na sani, Herminia. Sun ce mini za su yi ƙoƙari su kauce wa kaburbura."

"Sun rubuta?"

"Sun faɗa."

Sai na ji muryar Telo a bayana. "Ai dole ka yarda da su. Tsohuwarka tana wajen layi. Kare in an jefa masa ƙashi ba ya tambayar na wane ne."

Baldomero bai ko dube shi ba. Ya zaro takardar, ya warware ta, ya ɗora a kan dutsen kabarin kakanmu, ya cire murfin biro. Wata 'yar ɗan'uwanmu ta ce, "Tío, kawu, don Allah!" Yana neman layin sa hannu da yatsa.

Na juya na ce wa Telo, "Na gode. Shekara arba'in da shida Amparo ta yi tana gyara abin da bakinka ya ɓata, yanzu ka tono ta da shi." Na koma ga Baldomero. "Kai kuma in za ka sa hannu, sa don ra'ayinka. Kada ka sa don wannan tsohon banzan ya zage ka. Ai kowa ya zaga."

Ya ɗaga biron daga takarda, amma bai mayar da murfin ba.

"Ina son katangar nan," in ji shi. "Sau uku ana yanke mini shinge a bara. Ba zan yi ƙarya a gaban iyayena ba. Abin da ba na so shi ne hanyar da aka bi. Majalisa ta ce a'a. A'a ta ce. Mutum ɗaya ya zauna ya sa hannu, a'a ta koma i. Na zaɓe shi, zan kuma sake zaɓensa, amma ban zaɓe shi ya riƙe wannan ba." Sai a lokacin ya dubi Telo. "Kai ma ba katangar ce ta dame ka ba, mai ita ne. An gaya mini abin da ka ce a shagon kofi. Jira kake naku ya karɓi alƙalamin."

Telo ya ce, "Ƙwarai. Na faɗa, zan kuma maimaita."

"To ji. Akwai ƙudurin da wasu suka kai majalisa. Shugaba ya ayyana ta-ɓaci in yana so, amma bayan kwana talatin ta mutu, sai in majalisa ta jefa ƙuri'a ta amince. Kana da mutum ɗari uku da in ka ce su zauna sai su zauna. Ka sa su kiran ofishin sanatoci a kan ƙudurin nan, kullum. Ni ma zan kira, ni da suke cin abinci a gidana. Amma kalmar da za a faɗa ita ce, ko wane ne shugaban. Kuma ranar da naku ya hau, ba za a daina ba. Ka rantse a kan kabarin Amparo, in mayar da wannan aljihu."

"In guguwa ta taso fa? Ta kwashe rabin gari, shugaba ya tsaya jiran majalisa?"

"Yana da kwana talatin. Ka taɓa ganin guguwar da ta shekara?"

"Majalisar da ko ranar da ake ciki ba za su yarda a kai ba?"

"Sai a sauke su. Ba kai ke jigilar masu zaɓe ba?"

"Kana so in ɗaure hannun mutumina tun bai zo ba."

"Ni na yau nake ɗaurewa, yana kan kujera. Wa ya fi hasara?"

Telo ya juya ya dubi kabarin Amparo. Ban taɓa ganin ya yi shiru haka ba, ko ranar jana'izar Amparo sai da ya yi gardama da limamin coci a kan waƙar da za a rera. Ƙofar motar sintiri ta buɗe, ɗaya ya fito ya jingina da ita yana shan ruwa. Farar ƙasa tana bushewa a hannuwanmu. Na dubi Telo, na ga da gaske lissafi yake: matarsa a gefe ɗaya, shugaban da ba a ma zaɓa ba tukuna a ɗaya gefen. Na so in kwaɗa masa bokiti.

Baldomero ya sake sunkuyawa kan takardar.

"Tsaya," in ji Telo.

Ya cire hula, ya taka zuwa kan Amparo, ya dafa gicciyen. Ya ce ya rantse zai sa a kira, shi ma zai kira.

Baldomero ya ce, "Ƙarasa."

"Ko wane ne shugaban." Ya faɗe ta kamar mai haɗiyar ƙaya.

"Da bayan naku ya hau."

"Na ji! Da bayan ya hau. Ko so kake in rubuta maka da jini?"

Baldomero ya rufe biro, ya ninke takardar ya mayar aljihu. Wani ya ce ya yaga ta mana. Ya ce, "Na san wanda nake hulɗa da shi."

Zan faɗi gaskiya a kan Telo: in ya kama aiki, ya kama. Ya tsara kiran kamar ranar zaɓe. Na rubuta kalmomin a kan ƙananan katuna, layi uku, da manyan baƙaƙe saboda masu raunin ido. Ya raba mutanensa kwana biyar, kowace rana da masu ita. Ya ɗauki Talata. Baldomero ya ɗauki Alhamis, kuma ya biya farashinta, don daga wannan shekarar mutanen sanata suka koma cin abinci a gidan wani. Telo yakan zaga gidajen tsofaffi da ƙarfe tara na safe, ya danna musu lamba, ya miƙa waya. Doña Eduviges, mai shekara casa'in, ta saba da yarinyar da ke ɗaukar waya har tana tambayarta ko ta yi aure.

Majalisa ta jefa ƙuri'ar soke dokar ta-ɓacin, har da wasu 'yan jam'iyyar shugaban. Shugaban ya hau kujerar na-ƙi. Don a rinjaye shi ana bukatar kashi biyu cikin uku, ba a samu ba. Ƙudurin kwana talatin kuwa ko zauren majalisa bai isa ba. Muka ci gaba da kira.

Bayan wata goma sha ɗaya kotu ta ba masu awo izini. Telo ya buɗe musu ƙofa da kansa don kada su fasa kwaɗo. Suka kafa turaku masu jan ƙyalle, layi ɗaya ya bi ta tsakiyar maƙabarta, turke ɗaya tazarar tafin hannu daga kan Amparo. Daga nan manyan motocin tono suka fara gangarowa daga yamma. Da farko labarinsu muke ji. Sai muka fara jin ƙararsu in iska ta juyo. A ƙarshen shekarar suna mil uku daga ƙofarmu. Telo ya rame. Kullum da safe sai ya hau jinga ya duba inda suka kwana, ya dawo ya gaya mini, ni kuma ban tambaye shi ba.

Sai aka yi zaɓe, na su Telo ya ci, aka dakatar da aikin. Motocin suka tsaya a inda suke, daga baya aka kwashe su. Telo ya gasa awaki biyu, ya yi rawa da Doña Eduviges a kan keken guragunta. Lauyar ta zo cin nama, ta ja ni gefe ta ce kada mu ruɗi kanmu. Shari'ar ba a rufe ta ba, kwantar da ita aka yi. Awon yana nan a ajiye. Dokar da ta ba wancan dama ba a taɓa ko harafi ɗaya a cikinta ba. Duk wanda ya zo gaba, sa hannu ɗaya ya ishe shi, kuma mil uku aikin mako shida ne.

Mutane suka watse da kiran. Wa zai kira a kan abin da ya wuce? Masu Litinin suka fara bari, sai masu Juma'a. Telo ya riƙe Talatarsa, Baldomero ya riƙe Alhamis. Ba su zama abokai ba. Ranar Laraba dai in sun haɗu a shagon kofi, Baldomero yakan ce, "Ka kira?" Telo ya ce, "Na kira, ɗan sandan waya." Shi ke nan hirar.

Ana haka sabon shugaban ya ayyana tasa dokar ta-ɓacin, a kan wani abu can daban da Telo ya daɗe yana so a yi, majalisa kuma ta daɗe tana ja. A wannan makon ƙudurin kwana talatin ya farfaɗo, amma yanzu 'yan jam'iyyar Baldomero ke ɗauke da shi, 'yan jam'iyyar Telo na cewa zagon ƙasa ne.

Ranar Talata na tafi gidansa da ƙarfe tara, da hujjar kai masa burodi. Na same shi a teburin kicin, katin a gabansa, wayar a hannu. Ya danna lamba. Na ji ta yi ƙara sau biyu, murya ta amsa. Ya kashe.

"Layin ba kyau," in ji shi.

"Na ji ta tun daga nan. Sannu ta ce maka."

"Mina, wannan daban ne. Wannan mutane zai taimaka."

"Wancan ma haka Baldomero ya gani."

"Ki bar ni in sha kofi."

Na bar shi. Laraba bai je shago ba. Talata ta biyu ma bai kira ba, ta uku ma haka. Baldomero dai ya tambaye ni ko surukina ba shi da lafiya. Na ce lafiyarsa lau, ƙafarsa ce ta manta hanya.

Ranar Litinin ta huɗu na je maƙabarta canza furanni, na tarar da shi ya riga ni. Yana zaune a kan bokiti kusa da turken. Rana ta cinye jan ƙyallen ya koma fari-fari, amma ba wanda ya isa ya cire, lauya ta hana. Ya zaro katin daga aljihu. Ya lanƙwashe, gefensa ya yi baƙi da maiƙon hannu.

"Sau tara na danna," in ji shi. "Da ta ɗauka sai harshena ya ƙi. Na san Baldomero ke da gaskiya, kada ki gaya masa na ce haka. Na san wanda zai zo bayan namu wannan turken zai fara tambaya. Duk na sani. Amma in ce a ɗaure mutumina da bakina, ba zan iya ba. Shekarata tamanin da huɗu, ba yanzu zan canza ba."

"Ka rantse a kanta. Ga ta nan tana jin ka."

"Ita ta san wanda ta aura." Ya miƙo mini katin. "Ki karɓi Talatar. Ki faɗa yadda aka rubuta, kada ki rage ko kalma ɗaya, har da ta ƙarshen, ko wane ne shugaban. Ki ce musu daga gidan Quintanilla ake kira. Ki nemo wa Litinin da Juma'a mutane, zan ba ki sunayen waɗanda ba sa musu da ni. In Baldomero ya tambaya, kada ki yi masa ƙarya. Ki dai bari in fita daga shagon tukuna."